Mai Wuce Soro

A cikin birni iyakar ɗan sanda namiji soro. Ko da bindiga a kafaɗarsa, ko da igiya uku a hannun rigarsa, in ya zo gidan matan aure a nan zai ja birki, daidai inda mai tallan gawayi yake tsayawa ya ƙwala kira. Abin da ke bayan soro, tsakar gida da ɗakuna da madafi da rijiya, wannan rabona ne. Shekarun da na yi a wani ofishin 'yan sanda na cikin gari, abokan aikina ba su cika kirana da muƙamina ba. Cewa suke yi, "Ina mai shiga?"

Ni 'yar Gwale ce gaba da baya. Mahaifina jakunkunan fata da takalma yake sayarwa a Kasuwar Kurmi, kuma ranar da na ce masa zan shiga aikin kaki sai da ya mayar da lomar da ya ɗauko. Ya ce a danginmu an yi malamai, an yi 'yan kasuwa, an ma yi mahaukaci guda, amma ba a taɓa yin ɗan sanda ba, balle 'yar sanda. Na ce to ga ta. Taurin kaina a wurinsa na gada, ya kuma sani, shi ya sa bai ja da nisa ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: in rufe kakin da hijabi har sai na fita daga unguwa.

Ban daɗe da fitowa daga horo ba soja suka tattara suka koma bariki, aka miƙa mulki ga farar hula. Hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga jikin katangu ba, sabon baturen 'yan sandanmu, wato shugaban ofishin, ya tara mu a filin fareti ya ce zamani ya juya. A da, in an fita sintiri tare da soja, ba mai tambayar ina ne soro ina ne ɗaki, ƙafa ake sa wa ƙofa. Yanzu kowane lungu yana da kansila, kowane kansila yana da baki, gidan rediyo kuma a buɗe yake. Saboda haka daga ranar ba namijin da zai ƙara wuce soron mutane. A nemo mai unguwa, a yi sallama, mace ta shiga. Wallahi na ji daɗin maganar nan, don a irin gidajen na tashi, na san yadda mata suke rikicewa in ƙato ya faɗo musu tsakar gida ba ko gyaran murya. Har tafi na yi a zuci. Ban tsaya na duba ba cewa duk filin nan mu uku ne mata.

Kofur ɗinmu, wata 'yar kudu da Hausa ta zauna a bakinta fiye da wasu 'yan gari, aka yi wa mijinta canjin wurin aiki ta bi shi. Ta biyun, ƙawata da muka yi horo tare, ta tafi hutun haihuwa, daga can ta aiko cewa ta samu koyarwa a firamare, a yafe ta. Ban ga laifinta ba. Maza ma haka suke zarewa a lokacin: wannan ya koma acaɓa, wancan ya bi wani ɗan siyasa yana buɗe masa ƙofar mota. Sai dai in namiji ya tafi akwai wasu mazan. Ni kuwa na zama ni kaɗai, duk gidan da aka yi kururuwa a yankinmu ni ake jira.

Mutane suna zaton wahalar aikin nan gudu ne da tsayuwar rana. Ni ba su ne suka ci ni ba. Gidajen da nake shiga na san matan ciki. Wannan ajinmu ɗaya a islamiyya, waccan ita ta yi wa yayata kitson biki. In shiga in tarar da tsohuwar da ta ruɗe an ɗaure ƙafarta da zani a jikin gado. In tarar da mace ido a kumbure tana rantse mini cewa ƙofa ce ta buge ta, alhali labule ne a ƙofar ɗakinta. In na fito sai in gaya wa maza abin da doka take bukata a taƙaice, sauran in haɗiye. A gida in na faɗa na tona asirin maƙwabta. A ofis in na faɗa a ce mace ce, zuciyarta ba ƙwari. Gidan biki ma ya gagare ni: ina shiga ɗaki hira za ta mutu, a koma "ya aiki, ya gajiya," kowa na gyara ɗaurin ɗankwali. Ni da aka sani da surutu tun ina goye.

Mutum ɗaya ne a ofishin ya lura da ni, Baba Sajan. Tsoho ne siriri, Bafulatani, iyayensa makiyaya ne da suka zauna a bayan gari tun yana yaro, kuma saura kaɗan ya yi ritaya. A ofis sai ya wuni bai ce uffan ba. Amma da zarar mun je gida na wuce ciki, sai ya buɗe murya a soro yana zuba wa mai gida ko mai unguwa hira, farashin gero, ciwon gwiwa, yaushe ruwa zai sauka, da ƙarfi kamar da kurame yake magana. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi, har ina kwaikwayonsa a bayan idonsa. Na daɗe kafin in gane don ni yake yi, don in riƙa jin muryarsa daga ciki in san akwai nawa a kusa. In na fito kuma, kurata suka yo caa da "Me kika gani?", sai ya ɗaga musu hannu ya ce, "Ku bari ta dawo tukuna." Ya miƙo mini buta in wanke hannu da fuska, sannan a yi maganar aiki.

Ranar da ta karya ni da hantsi ta zo, ana tsakiyar zafin nan na gab da damina. Aka ce yaro ya faɗa rijiya a wani gida wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Lungun ba ya cin mota, muka bar ta a bakin titi muka taka. Kafin mu isa maƙwabta sun fito da shi, rai ya riga ya yi halinsa. Bai fi shekara uku ba, yana sanye da rigar kamfen ta manya da ta sauko masa har idon sawu. Ubansa yana can kudu wajen fatauci. Dangi suna so a rufe shi kafin azahar, mu kuma umarnin da muke da shi, irin wannan mutuwa sai likita ya gani. Baffannin yaron suka hau babur suka yi gaba don su samo likitan a rage jira. Saura a ɗauko yaron, shi kuwa yana hannun uwarsa.

Ba ta kai ni shekaru ba, kuma ɗanta na fari ne. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a gidajenmu. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma kau da kai take yi wata ta ɗaga shi. Ranar nan kunya ta gudu ta bar ta. Tana zaune a bakin rijiyar ta ƙanƙame shi, tsofaffin gidan sun yi sun yi ta ƙi saki. Na durƙusa na lallashe ta har bakina ya bushe. Daga ƙarshe sai da na riƙa ɓamɓare yatsunta daga jikinsa. Ta kafa mini haƙora a damtse ta cikin kaki, ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ke." Na ɗauke shi na fita.

Shatin haƙoran bai daɗe ba ya warke. Abin da ya biyo baya ne ban taɓa jin irinsa ba. Gidan da aka tura ni bayan wannan, na tsaya a bakin ƙofar ciki na buɗe baki zan yi sallama, murya ta ƙi fitowa. Na ce mura ce. Sai abin ya bi ni gidan gwaggona, ya bi ni har ƙofar gidanmu. Magana ina yi, faɗa ma ina yi da direbanmu yadda na saba, sallama ce kawai take maƙalewa a wuyana. Na san dalili, ba sai an gaya mini ba. Duk gidan da ya ji sallamata, to ba lafiya ba, kuma jikina ya gaji da zama mai kawo wannan sallamar. Likita ya auna ni ya ce hawan jini yana neman kama ni, in huta. In huta a ina? Innata ta karɓo rubutu, na sha. Mahaifina bai ce "na gaya miki" ba, Allah ya saka masa, amma ya fara sako zancen wani abokinsa mai makaranta da ke neman malama.

Na shiga wurin baturen 'yan sanda na ƙame na ce, "Yallaɓai, na gaji. Zan ajiye aiki."

Ba mugun mutum ba ne. Shi ma a lokacin kullum da taron siyasar da za a tura masa mutane, mutanen kuma babu. Ya cire tabarau ya murza ido ya ce, "Haba, ke da muke alfahari da ke? In kin tafi wa zai shiga?"

Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Yallaɓai, tambayar da ya kamata a yi ke nan tun ranar da na koma ni kaɗai."

Na zaci zai sa a rufe ni. Sai kawai ya ce in je in yi tunani, in kawo masa amsa mako mai zuwa. Ni dai na riga na gama tunanina.

A ofishin 'yan sanda magana ba ta kwana. Kafin in tashi Baba Sajan ya ji. Bai roƙe ni ba, bai yi mini wa'azi ba. Ya same ni a bayan kanta ya ce, "'Yata, gobe ki zo da cikakken kaki, a goge. Akwai gidajen da za mu shiga."

"Baba, ai na ce na daina."

"Na ji. Wannan ba aiki ba ne, gaisuwa ce."

Washegari muka fita mu biyu a ƙafa, ba mota ba bindiga. A hanya ya gaya mini cewa tsofaffin da suka koya masa aiki haka suke yi. Gidan da ka shiga da tashin hankali, in an kwana biyu sai ka koma, ba ka neman kowa, ka gaishe su ka fito. Ya ce a shekarun soja aka bar abin, don ba mai fuskar komawa ƙofar da ya ɓalla da ƙafa. "Mu a ruga," ya ce, "in saniya ta firgita a mashaya ba ma canza mata mashaya. Da rana tsaka muke mayar da ita, ruwa a kwance, ta tsaya ta gani da idonta."

Na ce, "Baba, yanzu ni ce saniyar?"

Ya ce, "A wurinmu ai yabo ne."

Da gida mai sauƙi ya fara, na wata tsohuwa da ta taɓa tara mana unguwa a kan an kashe mata agwagi. Da muka shiga soro ya ga bakina yana motsi ba sauti, sai ya ɗaga murya ya yi sallamar da kansa: "Salamu alaikum! Ga 'yarku nan ta zo gaishe ku, lafiya lau, ba wani abu!" Na shiga. Tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna."

"To wa ya yi sata?"

"Gaisuwa kawai na zo."

Ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi ta ce, "Ikon Allah! Mulkin farar hular ke nan?" Ta zaunar da ni ta dama mini kunun tsamiya, tana faɗa wai na rame na koma tsinke, ko gwamnatin ba ta ba mu abinci ne. Ta sake ba ni labarin agwagin tun daga farko, da sunan kowace. Na yi dariyar da na manta rabona da ita.

Da muka fito na ga ya karkata wajen Ƙofar Ɗan Agundi, sai na tsaya cak.

"Baba, ban da can."

"Can ɗin ne dai."

"Matar nan Allah ya isa ta yi mini."

"Na ji da kunnena, ina soro. In ta kore ki kin fito, ba abin da ya ragu a jikinki. Gobe ki mayar musu da kakinsu, ni da kaina zan raka ki."

Na ji haushin tsohon nan har wuya. Ya juya ya ci gaba da tafiyarsa yana ɗingishi, ko waiwaye babu, ni kuma ban iya barin dattijo yana tafe shi kaɗai saboda ni ba. Na bi shi ina ƙunƙuni.

Kakan yaron yana soro a kan buzu. Baba Sajan ya gaishe shi, ya yi mini sallamar, ya zauna ya kama zancen gero. Na wuce ciki. Abin da na fara gani rijiyar ce, an yi mata murfin ƙarfe an sa kwaɗo. Surukar gidan, Hajiya, tana tsintar wake a inuwa. Ta gane ni nan take. Na durƙusa na gaishe ta na yi mata ya haƙuri, ta amsa da mutunci, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma. Sai uwar yaron ta fito daga madafi da kofin ruwa. Ta rame fiye da ni. Ta durƙusa ta ajiye ruwan, ta gaishe ni kanta a ƙasa, ta tashi ta shige ɗakinta. Na ce a raina shi ke nan, an fita kunya, bari in gudu.

Ina miƙewa na ji muryarta ta bayan labule. "Yaya, ba kya shigo daga ciki ba?"

Hajiya ta ɗago ta dubi labulen, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce mini, "Shiga, 'yar nan." Ta ɗauki farantin wakenta ta koma can ƙarshen tsakar gida, ta jawo rediyo ta ƙara masa murya.

A ƙasa na same ta a zaune. Na zauna ni ma, na shirya wa zagi, na ma shirya wa duka. Ta ce, "Hannun ya warke?" Na ce ya warke. Ta ce in yafe mata abin da ta faɗa, ba ta cikin hankalinta. Na ce ban riƙe ta ba, ko da yake ƙarya nake, na riƙe maganar kamar garwashi a tafin hannu. Tana ta murza gefen zaninta.

"Tambaya gare ni," ta ce, "na rasa wanda zan yi wa. Mai gidan ba ya gari ranar. Su Baffa sun riga ku tafiya. Hajiya kuwa, kin san ba zan iya ɗaga ido in yi mata zancen yaron nan ba. Abin da na yi ranar ma har yanzu kunyarsa nake ji."

Ko a nan, mu biyu a ɗaki, ba ta faɗi sunansa ba.

"An ce a motarku aka tafi da shi."

"E, a motarmu."

"Na san motar. Tun ina gidanmu nake ganinta tana wucewa, mutane a kwance a baya, an ɗora musu takalma." Ta ɗago ta dube ni. "Yaya, don Allah ki gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. A ina aka sa shi?"

Tun daga zafi har aka kusa shuka, tambayar da matar nan take kwana da ita take tashi da ita ke nan, a gida cike da mutane, kuma duk duniya ba mai amsarta sai wadda ta ciza.

Na gaya mata. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambaya, ni ma kuma gudun tunawa nake yi. Na ce da na fito soro kakansa ya miƙo mayafinsa na lulluɓe shi, Baba Sajan ya cire hularsa, kurata suka cire nasu. Na ce a kafaɗa na ɗauke shi, yadda ake ɗaukar yaron da barci ya kwashe a gidan biki, hannuna a ƙeyarsa. Mutanen lungu suka manne da katanga suka ba mu hanya, mai shagon bakin titi ya kashe kaset ɗinsa. Na ce kujerar gaba ta Sajan ce, ba mai zama a kanta in yana nan, amma ranar da hannunsa ya buɗe mini ƙofar, shi kuma ya kama ƙarfe ya hau baya da ciwon gwiwarsa.

"A gaba?" ta ce.

"A gaba. A kan cinyata."

"Ba a ajiye shi a ƙasa ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Rana fa? Ranar da zafi."

"Ba ta taɓa shi ba. Na juya bayana wajen taga."

Na gaya mata direbanmu, wanda in ya kama sitiyari sai ka yi ta salati, ranar bai kunna jiniya ba, a hankali ya tafi yana kauce wa ramuka, bakinsa yana motsi. Na gaya mata ƙafar yaron ɗaya ta leƙo daga mayafin, na ji ta da sanyi, na riƙe ta a tafin hannuna har muka isa, ko da yake na san ba ɗumin da za ta ɗauka. A asibiti aka nuna mini benci na ƙi, na tsaya da shi a hannu har likita ya zo, daga hannuna kuma sai hannun baffansa.

Tana saurare tana kallon bakina kamar mai karɓar karatu. Da na gama ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta yi ta maimaitawa a hankali. Ta ce tun ranar in ta rufe ido a bayan mota take ganinsa, yana gangarawa tsakanin takalma duk sanda aka taka birki, ba mai tare masa kai. Ta ce mutuwar ta karɓa, Mai shi ne ya karɓi abinsa, wannan ɗin ce ta hana ta sakat.

Sai ta matso. Ta miƙo hannu kamar mai tsoron wuta ta ɗora a kan cinyata, a kan siket ɗin kaki.

"A nan?"

"A nan. Kansa ta wannan gefen."

Ta shafa wurin. Sannan ta sunkuya ta kwantar da kuncinta daidai inda na nuna. Ba ta yi kuka mai sauti ba, saboda Hajiya tana waje. Kafaɗunta ne kawai suke rawa, ina jin ɗumin hawayenta yana ratsa yadin. Daga soro muryar Baba Sajan tana shigowa, ya bar gero ya koma kan tsadar taki, rediyon Hajiya kuma yana ta sanarwar ɗaurin aure.

Na shiga gidaje da yawa kafin ranar da bayanta, na ga abin tsoro iri-iri, amma ban taɓa jin kwarjinin wani mahaluki ya cika ni kamar na yarinyar nan da ke kwance a cinyata ba. Ta yi makonni tana tuƙa tuwo, tana gaida suruka, tana share bakin rijiyar nan kullum safiya, da wannan abu a ƙirjinta, ba ta bari ko mutum ɗaya ya gani ba. Na ji tsoron Allah ya kama ni. Na ji girman Hajiya da rediyonta, da na tsohon da ke soro yana ɓata bakinsa a kan taki. Abin da na yi ta ɗauka ina neman inda zan jefar, ashe kayan wata ne, tana zaune tana jiran a kawo mata. Na ɗora hannuna a kanta, ni ma na yi nawa kukan, muka daɗe a haka.

Ba zan ce ranar na warke ba. Sallamata ba ta dawo ba sai da damina ta yi nisa, kuma duk tsawon lokacin Baba Sajan ne yake yi mini ita daga soro. Ciwon kai bai bar ni ba, matan biki ba su daina yin shiru ba, kuma sai bayan tsohon ya yi ritaya aka turo mana wata mace. Amma duk wannan daga baya ne.

Ranar dai na fito siket ɗina a jiƙe. Baba Sajan ya kalli wurin sau ɗaya ya kau da kai. Ya yi wa kakan sallama muka kama hanya, surutun nan duk ya ɗauke, ya koma shirunsa na ofis. Sai da muka fito bakin titi, 'yan acaɓa suna ta yi mana hon, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Yallaɓai zai tambaye ni. Me zan ce masa?"

"Ka ce masa ya nemo mata, ko daga ina ne. Mutum ɗaya ba zai iya aikin nan ba, kuma ba zan daina gaya masa ba har sai ya gaji da ganin fuskata."

"In bai samo ba fa?"

Na cire hula na share fuskata da ita.

"Baba, akwai wata dattijuwa a bayan kasuwa. Bara 'yarta a hannuna ta cika, a hanyar asibiti. Da kalmar shahada ta cika, da kunnena na ji, kuma ba na jin akwai wanda ya gaya wa uwar. Mu je can kafin la'asar."